Yadda ake bin matsalar ABS idan kwamfuta ta ce ba ta samun magana da shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu gyara da direbobi. Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya turo min hoton dashbod da fitilar ABS a kunne (ABS shi ne tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi), wai an sa wa motar kwamfuta ta ce ba ta samun magana da ABS ɗin, kuma har an ce masa ya shiga Kano ya sayo wani famfon a Ƙofar Ruwa. Daga Ringim ne, daga Gaya ne, daga wajen Gumel ne, duk maganar ɗaya ce. Toh shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake bin aikin nan daga farko har ƙarshe, kowa ya ajiye a wayarsa.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, don ƙwaƙwalwar ABS, wato na'urar da ke sarrafa shi wadda a yawancin motoci a jikin famfon take, ta yi shiru ba lallai ta ƙone ba. Kamar ka kira mutum ne a waya a ce maka a kashe take, ƙila caji ne ya ƙare, ƙila sabis ne babu a ƙauyensu, ƙila kuma da gaske wayar ce ta mutu, amma ai sai an gwada caja kafin a yi zancen sayen sabuwa. Ita ma ƙwaƙwalwar abu uku take bukata kafin ta amsa: wuta, wayar bodi mai kyau (wadda ake ɗaurewa a ƙarfen jikin mota ta zama nagetif), da wayoyin da take magana ta cikinsu. Sai ukun nan sun tabbata lafiya ƙalau sannan kake da bakin cewa mai mota ya kawo kuɗin famfo.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Mita mai lamba wadda ke auna volt da om, ko ƙarama ce ta wadatar in dai batirinta da ƙarfi. Ƙwan fitilar mota mai wat 21 irin na sigina da ka ɗaura wa waya biyu, wannan kai za ka haɗa abinka kuma wallahi ya fi testa ɗin nan mai ƙaramar fitila amfani a wannan aikin. Siraran allurai ko fil na tsira bayan soket, man feshi na wanke soket, sandfefa, dalma da salatif, sifana mai lamba 10. Sai kwamfutar da ke shiga dukkan sassan mota. Ƙaramar nan ELM327 da ake haɗawa da waya, da yawancin manhajojin kyauta inji kawai take karantawa, ba ta shiga ABS ko da lafiyarsa ƙalau, mutane da yawa a nan suke ruɗewa su ce ABS ba ya magana alhali kwamfutar ce ba ta iya yarensa ba.

Wajen kuɗi kuwa farashi yana bin dala, ka tambaya ranar da za ka saya, amma jerin ba ya canjawa. Fiyus da kan batir su ne mafi araha, sai gyaran waya wanda kusan ladan hannu ne kawai, sai sensar taya, sai batir, can ƙarshe famfon gaba ɗaya, shi kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, akwai man birki, akwai kuɗin mai kwamfuta, akwai kuɗin motar zuwa birni da dawowa, in bai yi daidai ba a sake komawa. Matakan nan ma haka na jera su, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

1. Tambayi direba, kalli dashbod

Kafin ka buɗe bonet ka tambaye shi yaushe abin ya fara kuma me aka yi wa motar a satin. An wanke inji? An yi walda a jikinta? An ja mata wuta daga wata motar? An sa rediyo mai allo ko na'urar bin sawun mota? Ta shiga ruwa a hanyar Haɗejiya ko Auyo da damina? Ta jima a ajiye kusa da rumbu? Amsar da zai ba ka rabin aikin ce, dan Allah kar ka raina ta.

Sannan ka murɗa ki ba tare da ka tayar ba. A mota mai lafiya fitilar ABS tana kamawa na 'yan daƙiƙoƙi sai ta mutu. In ba ta kama ko kaɗan ba, toh a wasu motocin da aka saya hannu an cire ƙwan ne ko an liƙe shi da salatif don a ɓoye matsala. Ka lura ko allurar gudu tana aiki, ko sitiyari ya yi nauyi, ko giya tana buga canji, domin a motocin baya-bayan nan ABS ne ke raba wa sauran sassa labarin gudun mota, in ya yi shiru su ma sai su rikice.

Gargaɗi: in jar fitilar birki ma tana kunne tare da ta ABS, ka duba man birki nan take. Birki na yau da kullum yana kamawa ko ABS ba ya aiki, amma taya za ta iya kullewa musamman ta baya, kar ka bar direba ya cika Sharan da buhunan riɗi ya kama hanyar Maigatari a haka.

2. Batir da caji

Mota a kashe, batir mai kyau zai ba ka 12.4 zuwa 12.6. In ka tayar, caji ya zauna tsakanin 13.5 da 14.5 ko kusa da haka. Ka sa wani ya yi kik kana kallon mita, in ta faɗi ƙasa da 10 batirin ya gaji, kuma irin wannan faɗuwar kaɗai ta isa ta cika mota da lambobin rashin magana. A Toyota za ka ga C1241, ma'anarsa wutar da ke zuwa wa ABS ta yi ƙasa. Ka kama kan batir ka murɗa da hannu, in ya juya a sake ɗaure shi da kyau, ba a cusa ƙusa ko gwangwani a bari ba.

Gargaɗi: al'adar nan ta cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada ko altaneta na caji, a daina ta. A tsohuwar mota mara ƙwaƙwalwa an sha yi an tsira, a waɗannan kuwa wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana kashe ƙwaƙwalwa. Mita tana hannunka, ita za ta gaya maka.

3. Sa kwamfuta, amma ka karanta duk motar

Kar ka nufi ABS kai tsaye, ka sa ta bi sassan duka ta kawo maka wanda ya amsa da wanda bai amsa ba. Ka ɗauki hoton lambobin kafin ka goge komai. Abu uku za ka iya tararwa kuma kowanne da hanyarsa.

Na farko, kowa ya amsa ban da ABS, kuma inji ko dashbod sun ajiye U0121, wato sun daina jin ABS. A motocin Volkswagen lambar 01316 ce. Wannan shi ne ya fi yawa, kuma matsalar tana wajen ABS ɗin kansa: wutarsa, wayar bodinsa, soket ɗinsa ko reshen wayarsa. Ka bi mataki na 4 da na 5.

Na biyu, ABS ya amsa, amma shi ne ke ƙorafin wani, misali U0100 ba ya jin inji, U0126 ba ya jin sensar sitiyari, U0123 ba ya jin sensar da ke auna juyawar mota. A nan famfon ba shi da laifi, wanda ya ambata za ka je ka duba. Haka in lambar ta taya ce irin C0200, C0205, C0210 da C0215 a Toyota, magana tana tafiya lafiya, sensa ce ko wayarta ko boris.

Na uku, sassa da yawa sun yi shiru ko kwamfutar ma ta ƙi shiga, ko ka ga U0073 ko U0001. Toh babban layin da sassan ke magana ta cikinsa ne ya faɗi, ka fara tabbatar da soket ɗin kwamfutar kansa yana da wuta, sannan ka wuce mataki na 6.

Ga yadda ake ƙirga ramukan soket ɗin da ke ƙasan sitiyari, inda ake sa kwamfuta. Ramuka 16 ne, in gefen mai faɗi yana sama, layin sama 1 zuwa 8 ne daga hagu, layin ƙasa 9 zuwa 16 daga hagu. Rami na 16 wutar batir ce kullum, 4 da 5 na bodi ne, 6 da 14 su ne wayoyin CAN, wato babban layin maganar nan, 7 kuma layin K, wayar magana ta tsofaffin motoci. A motoci da yawa soket ɗin a kife yake, saboda haka ka fara nemo 16 da mita sannan ka ƙirga daga nan.

Wanda ba shi da kwamfuta a kusa, a tsofaffin Toyota da yawa irin Corolla da Camry na wajen 2003 zuwa 2006 ana haɗa rami na 13 da na 4 da guntuwar waya a murɗa ki, fitilar ABS za ta riƙa ƙiftawa tana ƙirga lamba, 31 zuwa 34 na tayoyi ne, 41 na wutar batir. In ta ƙifta ko yaya ne ƙwaƙwalwar tana da rai. Gargaɗi: ka ƙirga ramin sau biyu, in wayar nan ta taɓa 16 ka jawo wa mai mota wata hasarar.

4. Fiyus

ABS ba fiyus ɗaya gare shi ba, nan ne ake yawan tsallakewa. Yawanci akwai manya biyu a akwatin bonet, ɗaya na motar famfo ɗaya na bawul, masu am 20 zuwa 50 gwargwadon mota, sai kuma ƙarami mai am 7.5 ko 10 da ke kawo wuta in an murɗa ki, wanda sau tari yana cikin mota ƙasan dashbod kuma ba a rubuta ABS a kansa ba. A Toyota ka nemi mai suna ECU-IG. Shi wannan ƙaramin shi ke tashin ƙwaƙwalwa daga barci, in ya tsinke shiru za ka ji ko da manyan biyun lafiyarsu ƙalau.

Kar ka duba da ido kawai, ki a kunne ka taɓa kunnuwan fiyus ɗin biyu da mita, wuta ta kasance ta kowane ɓangare. Ka zare shi ka ga ƙafafunsa, in sun yi baƙi ko robar wajen ta narke mazaunin ne ya saki.

Gargaɗi: in ka sa sabo ya sake tsinkewa, akwai wayar da ke taɓa bodi. Kar ka naɗa masa waya ko ka sa wanda ya fi shi girma, abin da zai ƙone a gaba ya fi fiyus tsada nesa ba kusa ba.

5. Soket ɗin famfo: wuta da wayar bodi

Wannan matakin nake so ka fi daɗewa a kai. Kashe ki tukuna. Soket ɗin babba ne kuma yana da hannu ko sakata da ake ja, in ka ja shi da kansa yake fitowa, kar ka sa sukudireba ka ɓalle shi. In ya fito ka haska da tocila ciki da waje. Abin da kake nema: kore-kore ko farin gari a kan ƙafafu, laima, ƙafar da ta lanƙwashe, ko ramin da ƙarfensa ya koma baya. Motar da ake wanke wa inji da ruwa mai ƙarfi ko ta tsunduma a kududdufi, za ka ga ƙafa ɗaya ko biyu sun yi kore har sun sirance, ka taɓa da allura su ɓare. In tsatsar ba ta ci ƙarfen ba a fesa mai a goge a busar da kyau kafin a mayar.

Wayoyin da ke soket ɗin za ka gane su da kauri. Masu kauri biyu na wutar batir ne, wata mai kauri ɗaya ko biyu na bodi, sirara kuma na sensar tayoyi ne bibbiyu, da ta ki, da ta makunnin birki, da guda biyu da aka murɗe su tare kamar igiya, su ne na CAN. In kana da data ka nemo zanen wayoyin motar da shekararta a intanet, yana rage wahala sosai.

Yanzu ga inda mita ke yaudarar mutane. Waya mai sili talatin in duk sun tsinke saura ɗaya, mita za ta nuna maka 12 cif, ka ce ai wuta na zuwa, amma da zarar an ɗora mata nauyi sai ta zube. Shi ya sa muke amfani da ƙwan nan. Ka sa waya ɗaya a ramin wuta, ɗaya a nagetif ɗin batir, ya kama da haske sosai. Ka yi wa manyan biyun haka, ka murɗa ki ka yi wa ta ki. Sannan ka juya, waya ɗaya a fozitif ɗin batir ɗaya a ramin bodi na soket, nan ma ya kama tar. In ya yi ja-ja kamar garwashi toh ka kama ɓarawon. In kana so ka tabbatar da lamba, ƙwan yana kunne ka auna daga ramin bodi zuwa nagetif ɗin batir, kar ya wuce 0.2.

Wayar bodin yawanci tana ɗaure da noti a jikin ƙarfe kusa da famfon, bayan fitila ko gefen mazaunin batir. Motar da ta taɓa yin hatsari ta gaba ka fara zargin nan. An taɓa kawo min wata da aka yi wa gyaran gaba aka fesa fenti, notin a ɗaure tam kamar ba komai, da na kwance sai ga kan wayar zaune a kan fenti mai kauri da ragowar foti, ko ɗigon ƙarfe bai taɓa ba, kuma mai ita har ya ba da kafin alƙalami na famfo. Sandfefa kawai aka sa aka kankare wajen har ya yi ƙyalli, aka ɗaure aka shafa giris, kwamfuta ta shiga nan take.

Gargaɗi: kar ka cusa bakin mita mai kauri a cikin ramukan soket, yana buɗa su, gobe ka mayar ba sa kamawa ka ƙirƙiro sabuwar matsala da hannunka. Allura siririya, a hankali. Kuma ƙwan nan na wayoyin wuta da bodi ne kawai, kar ya kusanci wayoyin CAN ko na sensa.

6. Auna om a layin CAN

Motocin da aka sayar a Amurka daga 2008 duk da CAN suke magana da kwamfuta, wasu ma sun riga haka. Kashe ki, cire nagetif ɗin batir, jira minti biyu ko uku. In rediyon mai neman lambar sirri ne ka tambayi mai mota kafin ka cire. Sa mita a om ka auna tsakanin rami na 6 da na 14.

A ƙarshen layin nan biyu akwai resisto mai om 120 kowanne, in ka auna su tare sai su ba ka 60. Saboda haka wajen 60 lafiya ce. In ka ga 120, ɓangare ɗaya ya yanke ko an cire soket ɗin wata ƙwaƙwalwa mai ɗauke da resiston. In ka ga kusan 0, wayoyin biyu sun haɗe. In mita ba ta nuna komai ba, layin bai iso soket ɗin ba. Sannan ka auna kowacce da bodi, bai kamata ka ga ƙaramar lamba ba.

Amma fa ka ji wannan da kyau, ganin 60 a ƙasan sitiyari bai wanke wayar ABS ba. ABS a motoci da yawa reshe ne da ya fito daga babban layi, reshen zai iya tsinkewa babban layin yana nan lafiya. Dole ka je soket ɗin famfon da ka cire ka auna tsakanin murɗaɗɗun wayoyin nan biyu ta ɓangaren mota. Za ka ga 60, ko 120 in resisto ɗaya a cikin ƙwaƙwalwar ABS ɗin yake, kuma za ka gane haka in ka auna ƙafafun ƙwaƙwalwar kanta ka ga 120. In a nan mita ta yi shiru, waya ta tsinke tsakanin famfo da cikin mota, sai ka bi kowacce ɗai-ɗai zuwa 6 da 14.

Abu biyu da za su iya ruɗa ka. Wasu motocin, musamman na Jamus da sababbi, akwai wata ƙwaƙwalwa a tsakani da ke tsare ƙofa, abin da ka auna a ƙasan sitiyari ba layin ABS ba ne, a soket ɗin famfo za ka yi awon. Tsofaffi kuma irin Golf 3 ramukan 6 da 14 ma ba komai a cikinsu, da rami na 7 suke magana, waya ɗaya ce da sassa ke tarayya a kanta, in ta taɓa bodi ko wuta kowa ya yi shiru. A Volkswagen wannan wayar tana zuwa har bayan rediyo, kuma sa rediyon da ba nata ba yakan haɗa ta da wuta, ka cire rediyon ka sake gwadawa kafin komai.

7. Auna volt a layin

Mayar da batir da soket, murɗa ki. Daga rami na 6 zuwa na 4 za ka ga sama da 2.5 kaɗan, daga 14 zuwa 4 ƙasa da 2.5 kaɗan, in ka haɗa su biyun ya ba ka wajen 5. In ɗaya ta nuna 0 ta taɓa bodi, in ta nuna 12 ta taɓa wuta, in duka biyun lamba ɗaya ce ba bambanci ka koma ka sake auna om, wataƙila sun manne.

8. Nemo wanda ya danne layin

In layi ya faɗi gaba ɗaya, ka fara da abin da hannun mutum ya ƙara: na'urar bin sawu, rediyo, kyamara, wayoyin da aka feɗe aka naɗe da salatif ƙasan sitiyari. Cire su duka. In bai dawo ba ka riƙa cire soket ɗin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, kana kashe ki kafin kowace cirewa, kana duba awon. Wadda ka cire layin ya farfaɗo ita ce mai laifi ko wayarta. In ABS ɗin ne ka cire kowa ya dawo yana magana, wannan hujja ce mai ƙarfi a kansa. Kafin ka yanke hukunci dai ka zare sensar tayoyi huɗun da ta sitiyari ka sake gwadawa, a wasu motoci wayar sensa da ta goge ta taɓa bodi takan kwantar da ƙwaƙwalwar.

Gargaɗi: soket mai ruwan ɗorawa na jakar iska ne, kar ka sa masa mita. Haka sensar tayar motocin zamani ba a auna ta da om kamar ta da, ka bar kwamfuta ta nuna maka gudun kowace taya.

9. Mai zuwa yana tafiya

Wanda ya fi cin rai kenan, a kwalta lafiya, da an sauka hanyar burji zuwa ƙauye fitila ta kama. Ka bar kwamfuta a cikin ABS tana nuna bayanai, yaronka yana kallo, kai kuma kana girgiza damin wayoyi taƙi-taƙi daga famfo har inda suka shige cikin mota. Wuraren da na fi samu: ƙarƙashin mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga ya ci waya ta ciki, inda dami ke gogar ƙarfe, soket ɗin da ke gefen ƙafar direba in ruwa na shiga ta gilas, sai kuma aikin ɓera. Motar da ke dakon gyaɗa da gero ta kwana a tsakar gida, ka ɗaga akwatin fiyus da murfin iska ka duba, in ka ga ɓawon gyaɗa da kashin ɓera toh ka bi wayoyin wajen ɗaya-ɗaya. Waya tana iya tsinkewa a cikin rigarta, ka ja ta a hankali, inda ta miƙe kamar roba nan ne.

10. Gyaran wayar

A yanke wajen da ya lalace har inda tagulla ke da haske, a ƙara waya mai kauri iri ɗaya, a yi dalma a rufe kowacce daban. Na CAN a sake murɗe su tare yadda suke kuma tsawonsu ya zama ɗaya, murɗin ne ke kare su daga hayaniyar wutar inji. Murɗawa da hannu a naɗe da leda ba gyara ba ne, damina ɗaya za ta dawo maka da motar.

11. In da gaske ƙwaƙwalwar ce

Wuta ta kunna ƙwan, bodi ya kunna ƙwan, layi ya iso soket da awo daidai, kwamfutarka kuma ka san tana shiga ABS na irin motar, amma shiru. Yanzu ne za ka ce wa Alhaji famfo ne. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin takardar famfon, ko ma ka tafi da tsohon. Kamannin waje ba ya wadatarwa, mota ɗaya shekara ɗaya akwai mai ABS zalla akwai mai VSC ko ESP, wato tsarin hana mota sulɓewa a kwana, akwai mai jan taya biyu akwai mai huɗu, soket zai iya shiga amma cikin daban. Ka duba ƙafafun na Beljiyam ɗin da tocila a gaban mai shago, ka ga an toshe ramukan bututu, ku yi magana a kan canji in bai yi ba kafin ka miƙa kuɗi.

Wajen ɗaurawa ka sa wa kowane bututu alama kafin ka kwance, in ka musanya biyu ABS zai riƙa sakin tayar da ba ita ta kulle ba, wannan kuwa rai ne. Ka fara ɗaura notin bututu da hannu kar ka ci zaren. Man birki ka sa wanda aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4, daga sabuwar roba, in ya zuba a fenti ka wanke da ruwa nan take. A fitar da iska a tayoyi huɗu, in feda ta ƙi tauri wasu sai an sa kwamfuta ta motsa bawul ɗin an sake. Na Volkswagen da wasu yana bukatar a shigar masa da lambobin motar, Toyota mai VSC kuma ana saita sensarta a fili mai daidai ba gangare.

12. Gwaji a hanya

Goge lambobin duka, kashe ki, sake kunnawa, ka ga fitila ta kama ta mutu. Fita da motar kwamfuta tana nuna gudun tayoyi huɗu, su tafi tare ba wadda ke faɗuwa. Ka nemi fili mai burji inda ba yara ba dabbobi, a gudun 30 zuwa 40 ka taka birki da ƙarfi, feda ta yi rawa a ƙafarka ka ji famfo yana gurnani, motar ta tsaya a miƙe. Ka bi ta hanya mai gargada ka dawo, ka sake karanta motar duka, ka leƙa ƙarƙashin famfo ko mai yana tsatsafowa. In direban ya jima yana tuƙi ba ABS ka zaunar da shi a gefenka ya ji rawar fedar nan, ka gaya masa in ta yi haka ya ci gaba da takawa kar ya ɗaga ƙafa.